Jakar Roba Ɗaya Na Kawo wa Delu

A filin jirgin Landan, ma'aikacin kwastan ya zazzage akwatina a kan tebur. Ya ƙwace kilishin da na yi guzuri, ya shinshina daddawar da Inna ta ƙulle mini ya mayar da sauri, sannan ya tsaya a kan wata takarda da na naɗe cikin rigar sanyi. Takardar buhun siminti ce da na yanka da almakashi, gefenta duk a karkace. Ya ɗaga ta, ya juya ta sama da ƙasa, ya tambaye ni taswirar wace ƙasa ce. Na ce masa ba taswira ba ce, awon tabon da ke kan ƙanwata ne. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ninke ta ba yadda na naɗe ta ba, ya ce in wuce. Na tsaya a gefe ina goge ninkin da tafin hannu, mutane suna ture ni da jakunkunansu.

Ƙanwar tawa sunanta Delu. Ƙauyenmu yana bayan Kutemeshi, a ƙasar Birnin Gwari, daidai inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina da sha ɗaya, ita tana da shida. Bayan kaka, da ciyawa ta bushe, na saci ashana a aljihun Baba na shiga daji farautar gafiya. Na hana ta bina, ta biyo ni a ɓoye, ta laɓe cikin gamba. Ban san tana ciki ba na ƙyasta. Wani makiyayi ne ya ji kukanta, ya kutsa ya fizgo ta, ya kashe wutar kanta da rigarsa. Ta rayu, amma daga goshi zuwa bayan kunnen hagu kanta ya zama tabo mai sheƙi, babu gashi ko sili ɗaya. Mutanen gari suka ce makiyaya ne suka sa wutar don sabuwar ciyawa ta tsiro. Aka tashi rugar, har da mutumin da ya cece ta. Ni kuwa ina tsaye cikin taron, ban ce uffan ba.

Delu ta girma, ta yi aure, ta haihu. Ko mijinta sau nawa ya ga kanta a buɗe, ban sani ba. Da rani tabon yakan tsage ya yi jini, ba ta iya ɗora tulu a ka, sai maƙwabtanmu matan Gbagyi suka koya mata ɗaukar kaya a kafaɗa irin tasu. Ni kuma na yi ta karatu kamar ana kora ta, har na zama likitan fiɗa a Kaduna. Mutane suna cewa yaron nan akwai himma. Ni na san abin da ke bina.

Abin da ya kai ni Ingila wata sabuwar dabara ce da na karanta a mujallar likitoci, lokacin da farar hula suka karɓi mulki karo na biyu. Mu abin da muka iya a lokacin shi ne dashen fata, a feƙo daga cinya a liƙa inda ya ƙone. Fatar cinya kuwa ba ta tsirar da gashin kai, ka rufe tabo da wani tabon ke nan. Sai waɗannan mutane suka ce, me zai hana a sa fatar da ke kusa da tabon ta ƙaru da kanta? A tsaga kaɗan, a cusa wata jakar roba a ƙarƙashin lafiyayyar fata mai gashi, a ɗinke. Duk mako a ɗura wa jakar ruwan gishiri da allura, tana kumbura fatar tana buɗewa, kamar yadda fatar ciki ke yi wa mai juna biyu. Bayan wata biyu ko uku a cire jakar, a yanke tabon a yar, a jawo rarar fatar da gashinta a rufe wurin. Ranar da na karanta wannan ban iya cin abincin rana ba. Na nemi gurbin ƙaro ilimi na shekara ɗaya, na samu, na je ƙauye na roƙi Delu ta cire ɗankwali in auna. Ta cire, idonta a ƙasa, ba ta tambaye ni dalili ba.

Kwana uku na yi a Landan ina jiran wata takarda, ban ga komai a birnin ba sai takalman mutane, don sanyi ya sunkuyar mini da kai. Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni wani birni a arewa, mai baƙaƙen gidaje da dogayen bututan hayaƙi. Ƙofa huɗu na ƙwanƙwasa masu allon ɗakin haya a taga, duk huɗun aka ce mini yanzun nan aka kama ɗakin. Ta huɗun ma matar ba ta cire sarƙar ƙofa ba. Ta biyar wata tsohuwa ce, Madam Doris, gajeriya mai sanda. Ta tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya. Ta ce marigayin mijinta ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama tare da sojojinmu, kuma kalma ɗaya tak ya dawo mata da ita. Ta gyara tsayuwa ta ce mini sannu, da wani irin lanƙwasa harshe. Ni da na haɗiye wulaƙancin ƙofa huɗu ban yi komai ba, wannan sannun ne ya sa idona ya ciko.

Ɗakina yana can saman bene, ƙarƙashin rufi. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka da daddawa, Madam Doris ta hau benen da sandarta tana neman ɓeran da ya mutu a ƙarƙashin katako. Da ta gane abincina ne, ta kafa mini doka: daddawa sai Lahadi, lokacin da ta tafi coci, taga kuma a buɗe. Na kiyaye dokar. Kafin shekara ta ƙare ita ce take dawowa daga cocin da ɗan kwanonta.

A asibiti aka ba ni farar riga da ƙa'ida ɗaya, in kalla amma kada in taɓa. Ni da na shekara shida ina buɗe ciki a Kaduna, wani lokaci da hasken tocila, aka ajiye ni a bayan ɗalibai a kan ɗan akwati ina leƙe ta saman kafaɗu. Babban farfesan wurin dogo ne, ba ya ɗaga murya, kuma wata uku bai koyi sunana ba. Ban damu ba sosai, mai nema ba ya fushi. A mako na biyu na ga abin da na zo dominsa. Wata mata ce da injin masaƙa ya fizge mata gefen fatar kai. Ta shigo ɗakin duba marasa lafiya da kumburi a ka kamar an kifa mata ƙoƙo a ƙarƙashin gashi, tana dariya tana cewa 'ya'yanta sun raɗa wa kumburin suna. Aka soka allura, aka ɗura ruwa har fatar ta ɗan yi fari, aka rage kaɗan har jini ya dawo mata, aka ce ta dawo mako mai zuwa. Na bi ta da kallo har ta fita, a raina ina gwada mata takardar simintina.

Ɗakin tiyata ne ya zame mini wahala. Akwai wata na'ura da ake ƙona bakin jijiya da ita don jini ya tsaya. Muna da ita a asibitinmu na Kaduna, na saba da warinta a ciki da cinya. Amma a fatar kai, idan ta lashi gashi, warin daban ne, kuma na san shi. Da tsakar rana, cikin ɗaki mai fitilu fal, sai in ji gamba tana ci da wuta, tas-tas-tas, in ji ƙaramar murya tana kiran Yaya. Zufa ta jiƙa mini takunkumi. In sauka daga kan akwatina a hankali in fita, in tsaya a matakalar baya har warin ya bar mini hanci. Babu wanda ya lura, don ba a lura da wanda ke tsaye a baya. Haka dai na zata.

Cikin wata na huɗu wani likita da ke ƙarƙashin farfesa ya same ni a wurin shan shayi. Ba na son ambaton sunansa, zan kira shi Jan Gemu. Shi ne mutum na farko a asibitin da ya dafa mini kafaɗa. Ya ce ya ji ina da hannu, kuma yana da wani bincike da ke neman mai haƙuri. Idan na taimaka, sunana zai fito tare da nasa a mujalla, sannan kamfanin da ke yin jakunkunan ya yi masa alkawarin guda biyu sababbi, zai ba ni in tafi da su gida. A lokacin jakar nan ba a sayar wa kowa ita a kanti, asibiti ake kawo wa, a ƙidaye. Na amsa tun bai rufe baki ba. Sai da ya kai ni wani gini a bayan asibiti, ya buɗe ƙofa, warin ya mare ni, na gane da wa zan yi aiki. Aladu ne, farare tas, don an ce fatarsu ta fi ta kowace dabba kama da ta mutum.

Na tsaya a bakin ƙofar ina tunanin fuskar Inna. Sannan na naɗe hannun riga na shiga. Wata biyar na yi a gidan aladu. A wasiƙun da nake aikawa gida nakan rubuta cewa ina aiki da dabbobi, Inna kuma ta sa a amsa mini da cewa madalla, dama tun ina yaro ina son awaki. Kafin kowace salla sai in wanke hannu har ya yi jawur, in sake wankewa.

Tambayar da likitocin lokacin suke ta gardama a kai ita ce, fatar nan sabuwa ce take tsirowa, ko tsohuwar ce kawai ake ja tana sirancewa kamar ƙirgi? Sai kuma ta biyu, a ɗura ruwan da sauri ne ko a hankali? Ni ne mai ɗura wa aladun ruwa, ni ne mai ɗiga musu tawada a fata in auna yadda ɗigon ke nisa da juna, ni ne mai yankar ɗan guntu in zauna gaban madubin ƙara girma har wuyana ya sage. Abin da na gani da idona ya sa na manta da wari. Saman fatar ba ya sirancewa, ƙaruwa yake yi, sabuwa ce take haihuwa. Ƙasanta ne yake ɗan raguwa. Jijiyoyin jini suna yawaita kamar saiwar gero. Idan aka yi gaggawa fatar ta yi fari ta mutu, idan aka bi ta a hankali ta yarda. Gashi ba ya ƙaruwa, tazara ce take shiga tsakani, amma ido ba ya ganewa. Sau ɗaya Jan Gemu ya tafi da ni taron likitoci, na riƙe masa akwatin hotuna. A can na ji wasu suna maganar jakar da za ta riƙa tsotsar ruwan jiki ta kumbura da kanta ba allura, wasu suna son a bar bakin bututun a waje don maras lafiya ya ɗura a gida, wasu kuma suna cewa za a iya jan fatar a kan teburin tiyata cikin 'yan mintoci. Ni dai wadda ke cika kanta ce ta tsaya mini a rai, don na san irin hanyar garinmu.

Da aka gama rubuta sakamakon, a kan teburin sakatariya na ga takardar. Sunaye uku ne a sama, babu nawa. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an gode wa ma'aikatan gidan dabbobi. Wannan bai dame ni ba kamar yadda za a zata, suna ba ya rufe tabo. Na je na tambaye shi jakunkunan. Ya shafa gemun, ya ce abin takaici, kamfanin ya canza shawara. Bayan kwana biyu na ga kwalayen nan biyu a bayan motarsa, zai kai su asibitin kuɗi inda yake aiki ranar Asabar. Ya ga na gani, ya rufe but ɗin, ya ce mini sanyi ya yi yawa yau. Na ce haka ne. Na taka zuwa gida a ƙafa cikin yayyafi, ina jin kunyar kaina fiye da haushinsa. Ashe duk watannin nan kallon kitse nake yi wa rogo.

Saura wata biyu in koma, hannuna wayam. A kwanakin ne kewar gida ta kama ni sosai. Ba tuwo nake kewa ba, ba rana ba. Daji nake gani. In ina cikin bas, bishiyoyinsu marasa ganye su rikiɗe su zama kaɗanya da ɗorawar bayan garinmu bayan wuta ta wuce, baƙi ƙirin, toka tana tashi. Wata rana na ga wata yarinya a tashar bas an ɗaura mata ɗankwali har gira, na wuce tashata uku ban sani ba.

Shugabar nas-nas ta ɗakin tiyata wata mata ce 'yar Ailan, Sista Ailin, mai faɗa kamar ta ari baki. Kowa tsoronta yake ji, har farfesa. Wata rana da na gudo matakalar baya, sai ga ta ta biyo ni, ta zauna a matakala ta sama da tawa, ta kunna taba. Ta ce ta ƙirga, duk ranar da ake aikin fatar kai sai na fita, ranar ƙafa ko ƙirji kuwa ko motsi ba na yi.

"Wa ya ƙone?" in ji ta.

Na gaya mata. Ashana, gamba, makiyayin, rugar da aka tasa, duka. Shekara ashirin da biyu ban faɗa wa kowa ba, sai ga shi na faɗa wa baƙuwa a kan matakala, da Turanci. Wataƙila don kalmomin ba nawa ba ne, ba su yi mini nauyi a baki ba. Ba ta ce mini ba laifina ba ne, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Ta dai tambayi shekaruna a lokacin, na ce sha ɗaya. Ta girgiza kai, ta raba burodinta biyu ta ba ni rabi, ta ce in ci in dawo ciki, kuma in tsaya kusa da ita.

Ban san me ta faɗa wa farfesa ba. Mako na gaba ya kira ni da sunana, ya ce in wanke hannu. Matar nan ta masaƙa ce a kan tebur karo na biyu, don tabon nata babba ne, sai da aka yi mata sau biyu. Da hannuna na zaro jakar, da hannuna na kama fatar da ta ƙaru, mai kauri, mai ɗumi, cike da gashi, na jawo ta ta haye inda tabon yake kamar ana rufa wa yaro bargo. Warin ya zo, gamba ta fara ci. Sista Ailin ta taka mini ƙafa da takalminta, ba ta ɗaga ba har muka gama ɗinki.

Ranar da zan bar asibitin ta kira ni ɗakin ajiya, ta miƙo mini wani ƙunshi. Ta ce an buɗe kwalin wata jaka bisa kuskure, ba a yi amfani da ita ba, doka ta ce a yar. Ta sake dafa ta a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ta naɗe da kanta. Ta ce guda ɗaya ce, babu ta biyu, in ta huje shi ke nan, don haka in kiyaye ta da duk wani abu mai tsini. A jirgi ban sa ta a akwati ba, a cikin riga na rungume ta har Kano.

Farkon bazara na dawo. Delu ta zo Kaduna da mijinta Musa, ta bar 'ya'yanta uku wurin Inna. Na nuna mata jakar, na yi mata bayani dalla-dalla, har yadda kanta zai kumbura. Ta taɓa ƙunshin da yatsa ɗaya.

"Yaya, na yarda, amma kada kowa ya ji, har Inna," ta ce. "Abin da ake jira ba a kai shi bakin mutane. In ya yi, sa gani da idonsu. In bai yi ba, ba na son a yi mini jaje sau biyu."

Na san al'adar. A garinmu ko ciki ba a faɗa, sai ya faɗi kansa. Likitan da ke cikina ya san kuskure ne, amma na amsa mata da sauri, don dama na saba da rufe baki a kan duk abin da ya shafi kan Delu.

Aikin ya yi kyau. Mako biyar tana gidana ina ɗura ruwa, fatar tana yarda, kumburin ya kai girman ƙoƙo. Na kama ta sau ɗaya gaban madubi tana shafa gashin da ke samansa. Sai damina ta kankama, aka aiko cewa autanta ya ƙi abinci, ga noman farko ya zo. Ta ce za ta koma. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce saura mako biyar ai ba shekara ba ce. Muka yi shawara duk Asabar in zo da mota Birnin Gwari, in ƙarasa da babur. Ta naɗa ƙaton ɗauri ta tafi, matan gari suka ce Delu ta koyo yayin Kaduna.

Asabar biyu na je lafiya. Ta uku aka kwana uku ana ruwa, rafin da ke tsakaninmu da ƙauye ya cika ya tafi da gadar katako. A bakinsa na tarar da Musa, ya fito kasuwa ruwa ya datse shi. Muka zauna gindin wata bishiya, mu biyu da muka san abin da ke ƙarƙashin ɗaurin Delu, muna kallon ruwa yana wucewa da itatuwa. Kwana tara kafin masu fito su yarda su haye da mu da gora.

Inna ce ta tare ni a ƙofar gida, fuskarta cike da murna. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Likita, Allah ya kawo ka, amma ka tarar an gama. Da mun jira ka, da yanzu wani zance ake yi."

A tsakar gida ta ba ni labarin. Zazzaɓi ne ya kayar da Delu har ta fita hayyacinta. Inna ta zo jinya, ta kwance ɗaurin don ta shafa mata ruwa, ta ga abin da ke kanta. Ga zazzaɓi, ga kumburi mai ruwa a ciki, wace uwa ce za ta zauna? Ta aika aka kira Baba Tanko wanzami, wanda ya yi mini kaciya, wanda ya yi wa rabin ƙasar nan sakiya suka tashi. Ya latsa, ya ce ya nuna. Ya sa aska. Washegari zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓin sauro yakan sauka in ya ga dama.

Tsohon yana zaure yana jirana, zabirarsa a gefe, don ya ba ni bayani irin na abokin sana'a.

"Ɗana, shekara arba'in ina sakiya ban ga irin wannan ba. Ruwa ne garai-garai, babu mugunya ko ɗigo. Ya fantsamo mini a leɓe, gishiri zalla. Akwai kuma uwar ciwon a ciki, fara, mai santsi. Na ja ta ƙi fitowa, na ce wannan sai kai."

Na buɗe baki. Abin da ya taso mini tun daga gidan aladu yake, da na sake shi da zauren bai ɗauke mu ba. Sai na dubi hannuwansa, tsofaffi, tsabtatattu, a kan gwiwa. Ya ga ƙurji ya yi abin da ake yi wa ƙurji. Inna ta ga 'yarta za ta mutu ta nemi taimako. A cikinmu duka mutum ɗaya ne ya san gaskiya yana da bakin faɗa ya ɓoye ta, ni ne. Na durƙusa na ce, Baba, an gode, Allah ya saka da alheri.

Delu tana kwance a ɗaki, an ɗaure kan da tsumma mai tsabta. Kumburin ya lotsa. Ta jira Inna ta fita.

"Akwai wata, Yaya?"

"Babu."

"Can ma babu?"

"Can akwai. Ni ne ba ni da hanya."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, to, in cire mata wannan ɗin, ta gaji da ɗaukarta.

Washegari muka haye da ita. A Kaduna na zaro jakar, na ga inda askar ta shiga, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya, aikin gwani. Na wanke wurin, na jawo abin da ya saura. Fata ba ta jira, ta riga ta fara komawa inda ta fito. Faɗin yatsa uku na samu, na shimfiɗa shi a gaban goshi. Sauran tabon yana nan yadda wuta ta bar shi. Na rubuta wasiƙu ƙasashen waje, shekarun suka zo da tsanani, ko safar hannu ta gagare mu a asibiti balle jakar roba. Lokacin da aka fara samunta a ƙasar nan Delu tana da jikoki, ta ce in bar wa yara.

Gashin yatsa ukun nan ya tsiro baƙi wuluk. 'Yarta takan yi mata kitso layi biyu a kansa, ita kuma ta ɗan tura ɗankwali baya in za ta biki. Duk sanda na gani sai in rasa ko murna zan yi.

Inna ta ƙara shekara goma sha tara a duniya. Babu suna ko biki da za a taru ba ta ba da labarin yadda ita da Baba Tanko suka ceci Delu daga ciwon da ɗanta, da duk karatunsa na Ingila, bai ma san yana nan ba. Takan ba da shi da daɗi, tana kwaikwayon yadda ruwan ya yi tsartuwa. In ta kai ƙarshe sai ta juyo wajena a gaban mutane ta ce, "Ko ba haka aka yi ba, Likita?"

Delu ta sunkuyar da kai. Ni kuma in ce, haka aka yi, Inna.